Garin Maƙera da Farar Rigarki

Mabai, ta hanyar Ƙanƙara,
cikin watan Rajab.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi sa takardar nan ta iske ki lafiya, shi tsare ki a fitarki da shigarki, shi raba ki da sharrin birni da na motocinsa. Amin.

Mutanen gida ga yadda suke. Mahaifinki, Malam, lafiya lau. Ƙafar da kututture ya yanka a gona ta warke, har ya koma takawa masallaci ba sanda. Ƙannenki Sani da Hadiza lafiya, sai mura da ta kama Hadiza ta sake ta. Iya kakarki a Tafoki gwiwa ta hana ta zuwa rafi, amma bakinta lafiya ƙalau, faɗa ba abin da ya ragu. Gwaggo Asabe matar maƙeri ido ke damunta, kullum cikin hawaye. Baffanki Alhaji Sule lafiyarshi lau, har ta yi mashi yawa. Ni ma lafiya, alhamdu lillahi, in ban da tunani.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Layukan suna gangarawa kamar kunyar gona a tudu, na sani. Malamar da ke koya mana a ajin yaƙi da jahilci ta ce hannun da ya saba da taɓarya ba ya lanƙwasa wa alƙalami da wuri. Allah shi saka mata da alheri, don ba don ita ba da sai na kai maganar nan gaban wani ya rubuta mani, kuma ba magana ba ce da zan iya faɗi a kunnen wani. Sunanki na yanka da za ki gani a bayan ambulan ni na rubuta shi. Bakina bai taɓa faɗinshi ba, ke kin san al'ada, ke ce ta fari. Ashe hannu bai da kunya irin ta baki.

Na gamu da Ladi 'yar Sabuwa, wadda kuke aji ɗaya a makarantar ungozoma, a kasuwar Ƙanƙara. Ta durƙusa ta gaishe ni, na tambaye ta ke, sai ta kama wasa da bakin gyale.

Na ce, "Ke Ladi, ɗago ki dube ni. Ciwo take?"

Ta ce, "A'a Inna, lafiyarta lau. A karatu ma ita ke gaba da mu. Riga ce."

"Riga kuma? Mi ya samu riga?"

Ta ce Babbar Sista tana jera ku tana duba fararen rigunan aiki, kuma sau biyu tana fitar da ke daga layi a gaban mutane, wai rigarki ta dafe, ta yi launin ruwan shinkafa. Ta ce an gaya maki in aka sake a dubawar ƙarshen zango, za a maido ki gida. Ta ce kina wanki har yatsunki sun fashe, kuma ɗan kuɗin da gwamnati ke ba ku yana ƙarewa a garin sabulun kwali, wanda tun da aka ƙara wa ma'aikata albashi kullum sai ya ƙara tsada. Na yi wa Ladi godiya, kuma kada ki yi fushi da ita. Ni na matsa mata.

Ban gaya wa Malam ba tukuna. Kin san abin da Baffanki ya faɗi a zaure ranar da za ki tafi: "Na yarda don ƙanena ya nace. Amma in suka koro ta sau ɗaya, ta dawo ke nan, ba mai sake fita da ɗiyar gidan nan." Malam bai taɓa ja da yayanshi ba sai a kanki, kuma ba na jin zai iya yi sau biyu. Ni kuwa na san abin da ya sa nike son ki gama. Ƙanwarki da ta zo bayan Sani a hanyar Ƙanƙara ta rasu, ina naƙudarta a bayan amalanke, ba ta ko yi kuka ba. Duk Mabai ba mai ilimin da za ki dawo da shi. Ba zan zauna ina kallo datti ya raba ki da shi ba.

Laifin farko nawa ne, ba naki ba. Da aka yaye ki Iya ta ɗauke ki zuwa Tafoki, na ji daɗi, na ce an sauke mani kunya. In kin zo hutu sai in bi ta bayan ɗaki don kada a ce ina kallon 'yar fari. Na sha ganin kina wanki a tsakar gida, kina zuba fari da baƙi cikin kwarya ɗaya, maganar ta zo mani har maƙogwaro in haɗiye. Iya ta riƙe ki da kyau, Allah shi biya ta, ta koya maki girki da ladabi da salla. Amma Iya a rafi take wanki, ruwan rafi kuwa ko da ɗan guntun sabulun salo kumfa yake, kuma ita zannuwanta duk rinannu ne, ba ta mallaki farin abu ba sai haƙoranta. A ina za ki koyi wankin fari? To ki ji: in Allah ya ba ki ɗiya, ki yi kunyarki a gaban mutane yadda aka saba, amma in kun shiga ɗaki ki buɗe baki ki koya mata.

Yanzu ga abin da ya kamata in gaya maki tun tuni.

Da aka kawo ni Mabai, Malam yana da farar riga guda ta Juma'a. Na wanke ta da ruwan rijiyar gidan nan, na goga sabulu, na goga, ba kumfa, sai wani abu fari-fari yana yawo a sama kamar nonon da ya tsinke. Na ce ƙarfi ne bai isa ba. Na buga ta a kan dutse har wuyan ya fara zare. Da ta bushe ta fi yadda take dafewa. Na yi haka wata da watanni ina zargin hannuna, ashe ruwan ne mai zartsi, shi ke kashe sabulu, kuma mataccen sabulun shi ke komawa cikin zare ya zauna. Ladi ta ce ruwan famfonku yana barin farin ɓawo a gindin buta. To irin na rijiyarmu ne. Ki daina azabtar da yatsunki, Uwani. Ba ragwanci gare ki ba.

Da na gaji sai na ce bari in yi dabara. Na daka kanwa, na zuba da yawa, na jiƙa rigar na bar ta. Kanwar kasuwa kin san da ƙasa a jikinta. Rigar ta fito da ɗorawa-ɗorawa kamar an zuba mata miya, hannuwana suka yi kaushi har ba na iya tuƙin tuwo sai na naɗe muciya da tsumma. Malam bai ce komi ba, ya sa tsohuwar shuɗiyarshi ya tafi masallaci. Shirun nan ya fi mani zagi ciwo. In wata ta ce maki ki zuba kanwa a farar riga, ki yi mata godiya ki wuce.

Gwaggo Asabe ce ta cece ni. Ta shigo ɗaukar wuta ta iske ni zaune gaban kwarya ina kallon rigar.

Ta ce, "Amarya, wanki kike ko zaman makoki?"

Na ce, "Gwaggo, rigar nan ta fi ƙarfina."

Ta ɗaga ta sama ta juya, ta ce, "Wannan ai ba riga ba ce, matatar koko ce. Wa ya rene ki, ɗiyar nan? Tashi ki ɗora ruwa."

Ta je gida ta dawo da wani farin gari a ƙullin tsumma. Mijinta maƙerin farfaru ne, masu yin awarwaro da zobe, kuma da garin yake haɗa azurfa in zai liƙa ta a wuta. Su maƙera sinadari suke ce mashi. Malamarmu ta ce a kantin magani na Funtuwa sunanshi borakis, in za ki saya can birni sai ki faɗi haka. Ni dai garin maƙera na san shi. Gwaggo ta narkar da shi, ta zuba a ruwan rijiyar nan da na tsana, ta ce in sa hannu. Wallahi sai na ji ruwan ya yi santsi kamar na sama. Ta goga sabulu sau biyu kumfa ta tashi. Na tsaya baki buɗe, ta ce, "Rufe, kada ƙuda ya shiga." Shekara nawa yau ban daina yi mata addu'a ba. Garin nan ne na ƙulla maki a cikin gwangwanin da ke tare da takardar nan. Da ta ji naki ne ta ƙi karɓar komi, ta ce a gaya wa likita ta zo ta duba mata ido in ta gama.

Ga yadda za ki yi, kuma ki bi a hankali don kowace gaɓa sai da na yi ɓarna kafin na gane ta.

Ki fara narkar da shi a ruwan zafi cikin ƙaramin kwano, cokali biyu na cin abinci ya isa bokiti guda. Ni ranar da na fara yi ni kaɗai, ganɗoki ya sa na watsa shi cikin ruwan sanyi. Bai narke ba, ya kwanta a gindi kamar tsakuwa, na yi ta cuɗa riga a kai, ya bushe a jikinta yana ƙaiƙayi. Sai ya ɓace sarai a ruwan zafin, sannan ki juye a bokiti ki sirka. Kada kuma ki ce tun da biyu sun yi kyau, biyar za su fi. Na gwada, ba abin da ya ƙaru sai bushewar hannu.

Ki jiƙa rigar tun da safe kafin ki tafi aji, ki wanke in kin dawo. Ita kaɗai, ko da 'yan'uwanta farare. Ko ɗankwali mai launi kada ya shiga. Sabulun sanda na talakawa ya ishe ki, ba sai na kwali ba, kuma za ki ga sanda ɗaya ta daɗe maki, don yanzu ba ruwa ke cinye ta ba. Ki bi wuya da hammata da bakin aljihu da yatsa, ba da dutse ba. Dafewar da ta daɗe ba ta fita a wanki ɗaya, kada ki karaya in kin ga ta farko ba ta yi ba. Ki maimaita.

Sai ɗauraya. Nan ne na fi yin kasala, don jan ruwa a rijiya da wuya, sai in ɗauraye sau ɗaya in ce ya isa. Abin da ya rage a zare shi ke jawo ƙura ya riƙe. Ku da ke da famfo ba ku da hujja. Ki ɗauraye har ruwan ya fito yadda za ki iya ganin gindin bokiti.

Aikinku aikin jini ne, don haka ki riƙe wannan da kyau. Bayan haihuwar Hadiza na ɗauki zanen da na kwanta a kai, na ce bari in yi tsabta, na zuba mashi tafasasshen ruwa. Na dafa jinin a ciki ke nan. Har zanen ya mutu tabon bai fita ba. Jini ruwan sanyi yake so, nan take, tun bai bushe ba. Sai ya fita sannan rigar ta ga ruwan ɗumi da garin maƙera.

Tsatsa kuwa garin nan bai iya mata. Na taɓa shanya a kan tsohon kwanon rufi, ya zana mani layuka ja, na ɓata gari a banza ina jiƙawa. Lemon tsami da gishiri ke cire ta, a sa a rana. In igiyar shanyarku ta ƙarfe ce, ki goge ta da tsumma tukuna, ko ki sayi igiyar rama ki ɗaura taki. Ki shanya a rana sosai, rana ma tana nata wankin.

Bula ki yi mata hankali. Da na ga riga ta fara haske sai zuciya ta ce in ƙara ado. Na matsa bula har ruwan ya yi kamar na marina. Malam ya sa ya tafi Juma'a. Da aka sallame, abokin wasanshi, wani Bafillace mai kawo mana nono, ya tare shi a ƙofar masallaci yana cewa, "Jama'a ku kauce, ga hadari ya taso daga gabas!" Har yau in ya zo gidan nan sai ya leƙa sama ya tambayi Malam ko za a yi ruwa. Ki ɗiga kaɗan, yadda in kin ɗebo ruwan a tafin hannu da ƙyar za ki ga launin.

Yanzu abin da ya fi tsorata ni, kuma shi ya sa na ɗaura jan tsumma a wuyan gwangwanin. Garin nan ba na ci ba ne. In an daka kanwa ta yi laushi, ido bai rarrabe su. Ni na ajiye shi a gwangwani iri ɗaya da na kanwa, a wuri ɗaya. Wata rana ina bayan gida, maƙwabciyarmu ta shigo ta ɗaga murya ta ce za ta ɗebi kanwa ta sa a wake, na ce ɗebi. Da na fito na ga wanda aka buɗe, ban san lokacin da na tsallake katanga ba, ni da ko kututture ba na tsallakewa. Na iske ta riga ta zuba, tana juyawa, yara sun kewaye tukunya da kwanoni. Na sure tukunyar na kifar. Ta ce, "Lafiya? Aljanu ne?" Na ce mata ba kanwa ba ce ta ɗebo. Allah ya tsare, ba wanda ya kai baki. Da na fara iya rubutu na ce to, yanzu zan rubuta a jikin gwangwani. Na rubuta da kyau, na koma gefe ina kallo, sai na tuna duk matan unguwar ba mai karantawa sai ni. Shi ya sa na koma ga jan tsumma. Ku can kun iya karatu, to ki yi duka biyun. Ki kulle shi a akwati, nesa da sukari da garin kwaki. 'Yan makaranta da yunwa ba abin da ba su lasa. In kin gama wanki ki wanke hannu kafin ki ci abinci, ki shafa man shanu ko man gyaɗa a yatsun da suka fashe, kuma kada ki tsoma su cikin ruwan garin sai sun rufe. Ki juya rigar da ɗan icce.

Ruwan da kika jiƙa riga kada ki zubar. Ki wanke bokiti da shi, ki goge daɓen ɗaki, ki zuba sauran a makewayi, yana kashe wari. Kwanon da ya yi baƙin shayi ma yana fitar da shi, in dai za ki ɗauraye sosai. Kyankyasai ba su son shi, amma ni da na barbaɗa a bayan randa 'yan tsakina suka bi suka tsattsage, na yi asarar su. In ba ki tabbata ba abin da zai kai wurin ba, ki bari.

Kada Ladi ta ga rigarki ta yi haske ta rasa dalili. Ki ɗebar mata, ki koya mata, da duk wadda ta tambaya. Ni ma kyauta aka ba ni.

Kuma kada ki riƙe Babbar Sista a zuciya. Na yi fushi da ita a hanyar dawowa daga kasuwa, har na yi ta yi mata faɗa ni kaɗai a bayan mota. Da na huce na ga gaskiyarta. Macen da ke naƙuda ba ta san abin da ke kanki ba, rigarki take fara gani. Ki gaishe ta da ladabi, ki gaya mata kin gane inda matsalar take.

Uwani, ni mai godiya ce. Na ga zamanin da mota ke zuwa har bakin kasuwa, gwamnati na koya wa ɗiyar manomi aiki tana kuma ba ta abin sabulu, tsohuwa kamata na riƙe alƙalami. Na gode wa Allah da ya ba ni ke. Ban taɓa faɗi ba, ga shi na rubuta.

Saura magana ɗaya, kuma tsakanina da ke ce. Ina tsoron kada rigunan sun riga sun wuce gyara, don zaren da aka daɗe ana bugu ba ya komawa. In kin yi wanki uku ba ki ga canji ba, kada ki tsaya jira. Za ki ga ɗan ƙyalle fari a naɗe cikin takardar nan, daga wani yadi nawa na yanko shi. Ki kai wa Babbar Sista ki tambaye ta ko irin yadin nan zai yi rigar aiki. Kawunki ne ya kawo mani shi daga Makka bara, an tsoma shi a ruwan Zamzam, na ajiye a gindin akwati don ranar da za a naɗe ni a kai ni kushewa. Na kai wa tela a Ƙanƙara ya auna, ya ce zai fitar da riga biyu har da hula. Ya dube ni ya ce, "Inna, kin san ko mi ne wannan?" Na ce na fi ka sani, ɗana, ni dai ka gaya mani ko zai isa. Kada ki ce a'a, kuma kada ki yi kuka a kai. Lafiyata lau, ba na gaggawar amfani da shi, kuma duk ranar da Allah ya kira ni ba za a rasa farin ƙyalle a Mabai ba. Na fi son shi shiga ɗakin haihuwa tukuna.

Telan ya ce in azumi ya matso ba ya karɓar sabon ɗinki, kayan Salla sun cika mashi shago. Don haka ina son amsarki ta iske ni kafin Juma'ar farko ta watan Sha'aban. Ki ba direban motar Ƙanƙara, ya san gidan maƙera, Gwaggo Asabe za ta kawo mani. In riga ta yi fari, ki rubuta "ta yi", ya ishe ni. In ba ta yi ba, ki auna kafaɗarki da ƙirji da tsawo da zare, ki ƙulla kowane, ki sa a ambulan. Ki yi rubutun manya-manya, don ni zan karanta da kaina.

Allah shi tsare ki, shi ba ki sa'ar malamanki, shi sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya. Allah shi yi maki albarka.

Ni ce,
Innarki.